Tsofaffin Gidajen Birnin Benis da Rijiyoyin Tsakar Gidansu

A cikin biranen Turai da mu ke karanta labarinsu a darasin labarin ƙasa, babu wanda zamansa ya kai na Benis ban mamaki. Birnin yana arewa maso gabashin ƙasar Italiya, a bisa 'yan tsibirai wajen 118, cikin wani makeken tafki na ruwan gishiri wanda ke haɗe da teku ta ƙofofi uku. Manyan hanyoyinsa duk ruwa ne. Kwale-kwale shi ne dokin mutanensa, shi ne kuma jakinsu, kadarko fiye da 400 ke haɗa unguwa da unguwa. Larabawa suna ce da shi Bunduƙiyya. Ko da ya ke yana da nisa da mu, kayansa ba baƙi ba ne ga kakanninmu. Takardar nan mai tambarin wata uku, wadda malaman da suka rubuta littattafai masu yawa a kanta, a ƙasar da ke bayan Benis a ke yin ta, ta biyo ta Masar da Tarabulus, raƙuma su ƙetaro da ita Hamada. Duwatsun ado na Benis ma, matafiyin nan Barth ya tarar da su a kasuwar Kano cikin 1851.

To, birnin nan da ke zaune a tsakiyar ruwa, abin da ya fi ƙaranci a cikinsa shi ne ruwan sha. Ruwan tafkin ba ya shawuwa, in kuwa aka haƙa ƙasa ba abin da za a tarar sai laka da zartsi. Duk da haka mutane fiye da 100,000 sun zauna a wurin shekaru aru-aru, suna sha suna girki. Asirin abin yana tsakar gidajensu. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu yadda gidajen nan da rijiyoyinsu su ke, da yadda aka kusa yin hasararsu, da kuma hanyoyin da hukuma ta bi don ta kiyaye su.

Yadda a ke gina gida a kan laka

Mai son gina gida a Benis ba ya samun ƙasa mai tauri da zai aza harsashi a kai. Sai a saro itatuwa daga dazuzzukan tudu, a kawo su ta ruwa, a kakkafa su cikin laka kusa da kusa kamar turaku. Itace in ya nutse cikin laka, inda iska ba ta taɓa shi, ba ya ruɓewa. A bisa kawunan turakun a shimfiɗa katako, a bisa katakon kuma a jera wani farin dutse da a ke kawowa daga Istiriya, can hayin teku, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Daga nan sai ginin ƙonannen tubali ya tashi, hawa biyu ko uku. Aikin farin dutsen nan shi ne ya hana damshi hawa cikin tubalin. Mu riƙe wannan, don za mu komo kansa nan gaba.

Gidan attajiri ƙofa biyu gare shi. Ta gaba tana duban ruwa, nan jirage ke tsayawa a sauke barkono da alharini da auduga, waɗanda aka ɗauko daga Iskandariya da tashoshin Sham, a shigar da su wani dogon zaure mai ɗakunan ajiya dama da hagu. Iyali suna bene. Ƙofar baya tana duban lungu, in an shigo ta nan sai a faɗo tsakar gida, ga matakala a waje ta hau zuwa bene, ga rijiya a tsakiya. Irin gidan nan da ya haɗa wurin kwana da wurin ciniki suna kiransa fondako, kalmar kuwa daga funduƙ na Larabci ta ke, watau masaukin fatake. Talakawa ba su da halin mallakar tsakar gida kowa da tasa, sai a jera ƙananan gidaje kewaye da fili ɗaya, rijiya ɗaya ta ishe su duka.

Rijiyar da ba ta da idon ruwa

Rijiyar da muka saba da ita haƙa a ke yi har a cim ma ruwa a ƙasa. Ta Benis daga sama ta ke samun nata. Ga yadda a ke yin ta. Sai a haƙe tsakar gidan kusan duka, rami mai faɗi, zurfinsa wajen gaba uku, watau kamar mita 5. A shafe gindinsa da gefunansa da yumɓu mai kauri, a daddaɓe shi sosai, har ya zama kamar wata ƙatuwar randa da aka binne, ruwan gishiri ba shi da ta shiga, na ciki ba shi da ta fita. A tsakiyar gindin a ajiye faifan dutse, a kansa a gina maƙogwaron rijiyar da wani irin tubali da a ke yi musamman domin wannan aiki, ya taso har fuskar ƙasa. Sauran ramin duka a cika shi da yashin kogi. Sa'an nan a daɓe sama da duwatsu, a ɗan karkata daɓen zuwa wasu duwatsu biyu ko huɗu masu huda-huda, waɗanda ƙarƙashin kowannensu akwai ɗan akurkin tubali da ke karɓar ruwa.

In an yi ruwan sama, sai ya gangaro daga rufin gida ta indararo, ya zubo tsakar gida, ya bi karkatar daɓe ya shige ta hudojin nan, ya ratsa yashi sannu a hankali yana barin dattinsa a baya, ya tsattsafo cikin maƙogwaron rijiya daga ƙasa. Nan guga ke samunsa garau. Kun ga ke nan rufi da indararo da daɓe da yashi da rijiya duk abu ɗaya ne, in ɗaya ya ɓaci sauran sun tashi aiki. Mai gidan da ya bar rufinsa da ƙazanta, shi zai sha ta. Wannan shi ne jigon maganarmu duka.

Ga wani ɗan lissafi da za mu iya ba 'yan aji. Ruwan saman da Benis ke samu a shekara wajen milimita 800 ne, bai yi nisa da abin da Kano kan samu a damina ɗaya ba, sai dai nasu a warwatse ya ke cikin watanni goma sha biyu. In rufin gida da tsakar gida sun haɗu sun yi mita 10 a tsawo, mita 10 a faɗi, ruwan da zai sauka a kansu a shekara ya kai lita 80,000, watau garwa fiye da 4,000. Ko an cire abin da rana ta shanye da wanda ya tsiyaye, saura ya ishi gida sha da girki in an yi tattali.

Abin da ido ke gani a sama shi ne dutsen bakin rijiya, tsawonsa kamar zuwa ƙugun mutum. Waɗansu daga cikin na farko-farko, kawunan ginshiƙan Rumawan da ne aka kwaso daga kufai, aka rarake cikinsu. Daga baya masassaƙa dutse suka mai da abin sana'a, suna zana ganye da tsuntsaye da zakoki da tambarin gidan da ya biya kuɗin aikin. A tsakar fadar Doje, watau shugaban da manyan birnin kan zaɓa, akwai biyu na tagulla waɗanda aka zuba tsakanin 1554 da 1559. A leɓen waɗansu har yanzu a na ganin gurbin da igiyar guga ta ci.

Yadda su ke tattalin ruwa

Hukumar birnin ba ta bar sha'anin ruwa a hannun masu hali kaɗai ba. Cikin 1322 Babbar Majalisarsu ta yi umurni a gina rijiyoyi 50 a filayen unguwanni domin jama'a. Attajirai kuma su kan gina su bayar, a sa tambarinsu a jikin dutsen. Rijiyar jama'a murfi gare ta da kwaɗo, mabuɗin yana hannun limamin majami'a ko mai unguwa, sau biyu a ke buɗewa a yini in an kaɗa ƙararrawa. An hana zuwa da ƙazamin guga, an hana kawo dabbobi kusa. A unguwannin da ke kwari har ɗaga daɓen filin a kan yi sama da hanya, don kada teku in ta ciko ta zuba gishiri cikin yashi. In kuwa hakan ta faru, sai an kwashe ruwan duka an wanke rijiyar kafin a sake sha.

In an yi fari, akwai masu sana'ar ɗauko ruwa cikin manyan jirage daga kogin Burenta, su zo su juye shi ta hudojin daɓe, ya bi ta yashi kamar ruwan sama. A farkon ƙarni na 17 har wata magudana ta musamman aka haƙa daga kogin zuwa bakin tafki domin jiragen nan. 'Yan ga-ruwansu kuwa yawanci mata ne daga ƙasar Firiyuli, su kan rataya bokitin tagulla biyu a sanda, su bi gida-gida suna sayarwa. Da ma'aikatan birnin suka yi ƙidaya cikin 1858, sun sami rijiyoyi fiye da 6,000 a cikin gidaje, da 180 na jama'a.

Zuwan famfo da zuwan dillalai

Cikin 1797 Napoliyon ya kawo ƙarshen mulkin Benis na kanta. Birnin ya shiga hannun Faransa da Ostiriya, sai cikin 1866 ya zama yankin Italiya. Da ma cinikin gabas ya riga ya koma waɗansu hannuwa. Manyan gidaje suka talauce, jikokin attajirai suka shiga sayar da abin da suka gada, waɗansu gidajen aka yayyanka su aka zuba 'yan haya. Rijiyar da ba a gyara yumɓunta sai ta fara shan zartsi da ruwan masai. Annobar kwalara ta yi ta komowa cikin ƙarni na 19. Ran 23 ga Yuni 1884 aka yi bikin buɗe ruwan famfo, wanda aka jawo daga tudu ta ƙarƙashin tafki, har aka sa shi ya yi tsiri a babban filin San Marko jama'a na kallo. Bayan wannan aka bi rijiyoyin jama'a a na rufewa da murfin ƙarfe.

Ba mu ga laifin famfo ba, gama ya ceci rayuka, kuma duk wanda ya taɓa jan guga ya san sauƙin da ya kawo. Amma ranar da aka daina shan rijiya, ran nan aka daina share rufi dominta, aka daina duba daɓe. Abin da ya saura mai daraja a idon mai gida shi ne dutsen baki, shi kuwa ga masu saye sun zo. Attajiran Ingila da Amurka da sauran ƙasashe suna son su kafa shi a lambunansu su shuka furanni a ciki. Dillalan kayan da suka yi ta bin gidaje suna tayawa, a ciccibe dutsen a sa a jirgi, a cike ramin da ɓaraguzai. Ciniki ya yi ciniki har masassaƙa suka riƙa sassaƙa sababbi, su tsofar da su, su sayar a kan na da ne. Yau akwai duwatsun rijiyoyin Benis a gidan ajiye kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da waɗansu wurare masu yawa. Cikin 1889 wani mai buga littattafai na birnin, Ferdinando Ongania, ya fitar da tarin hotunansu, hotunan nan kuwa sun zama shaidar abin da ke nan a lokacin.

Labarin gida ɗaya ya isa misali. A bakin Babbar Hanyar Ruwa akwai gidan da a ke kira Ca' d'Oro, watau Gidan Zinariya, saboda a da an shafa wa adon fuskarsa ruwan zinariya. Wani attajiri, Marino Contarini, ya fara gina shi wajen 1421. Cikin 1427 gwanin sassaƙa Bartolomeo Bon ya yi masa bakin rijiya da jan dutsen Berona, ya sassaƙa siffofi uku a jikinsa masu nuna ƙarfin zuciya da adalci da jinƙai. Wajen 1845 gidan ya faɗa hannun masu son su mai da shi na zamani, ya zama na wata shahararriyar mai rawa, Marie Taglioni. Aka rushe matakalar tsakar gida, aka ɓamɓare ado mai yawa, bakin rijiyar ma ya bar gidan. Marubucin nan na Ingila, John Ruskin, ya ga ɓarnar da idonsa, ya yi baƙin ciki ƙwarai. Sai cikin 1894 wani mai arziki, Giorgio Franchetti, ya sayi gidan, ya sa dukiyarsa da sauran kwanakinsa cikin gyaransa. Ya sake gina matakalar, ya bi sawun bakin rijiyar har ya fanso shi daga hannun dillalai, ya mai da shi gurbinsa. Cikin 1916 ya ba Gwamnati gidan kyauta, aka buɗe shi ga jama'a cikin 1927, bayan rasuwarsa. Wannan gida ya yi sa'a. Amma birni ba ya dogara ga sa'a, don ba kowane gida ne zai sami Franchetti ba.

Abin da doka ta tanada

Saboda irin wannan ɓarna, a Benis da sauran biranen ƙasar, Italiya ta yi dokar kiyaye kayan tarihi cikin 1902, ta yi wadda ta fi ta ƙarfi cikin 1909, ta sake wata cikin 1939. Tsarin mulkin ƙasar na 1948 ya sa kiyaye kayan tarihi cikin wajiban hukuma. Cikin 2004 aka tattara dokokin wuri ɗaya. A kowane yanki akwai ofishin masu duba kayan tarihi, da magina da masana a cikinsa.

Ga yadda abin ke tafiya. In ofishin nan ya ga gida yana da darajar tarihi, sai ya rubuta wa mai shi takarda, a shigar da maganar cikin rajistar gidaje, ta bi gidan ko hannun wa ya koma. Gida yana nan na mai shi, ya zauna, ya ba da haya, ya bar wa magada. Amma ba shi da ikon rushewa ko sāke fasali ko gyara sai da izini, kuma wajibi ne a kansa ya hana shi lalacewa. In zai sayar sai ya sanar, hukuma tana da kwana 60 ta saya a kan kuɗin da aka daidaita in tana so, kamar dai hakkin shuf'a da muka karanta a fiƙihu. Ba a ɓamɓare tambari ko rubutu ko wani ado daga jikin gini sai da izini, ko da a cikin gida ya ke inda mai wucewa ba ya gani. Ba a kuma fitar da tsohon abu mai daraja daga ƙasar sai da takarda. Da a ce dokokin nan suna nan cikin 1845, da bakin rijiyar Gidan Zinariya bai motsa ba.

Masu gidaje suna da nasu kukan, kukan kuwa ba na banza ba ne. Gyaran tsohon gida da irin kayan da aka gina shi ya fi gyaran zamani tsada nesa, jiran izini kuma ya kan ɗauki watanni rufi na yoyo. Don haka doka ta yarda hukuma ta ɗauki wani kashi na kuɗin gyara, ta kuma rage haraji, da sharaɗin wanda aka taimaka ya riƙa buɗe gidan ga masu kallo a waɗansu ranaku da aka yi alkawari. In hani ya yi yawa taimako ya yi kaɗan, mai gida ya kan zuba ido ne gini ya faɗi da kansa.

Cikin 1964 masana gyaran tsofaffin gine-gine na ƙasashe da yawa suka taru a Benis ɗin nan, suka rubuta ƙa'idodin da har yanzu a ke koyar da su, a na kiransu Yarjejeniyar Benis. Daga cikin abin da suka tsayar, gini ba ya rabuwa da wurin da ya ke, sassaƙar da ke jikinsa ba a cire ta sai in babu wata hanyar ceton ta, gyaran da aka yi kada a ɓoye shi har a ɗauka na asali ne, gini kuma ya fi daɗewa in a na amfani da shi. Da wannan ma'auni, bakin rijiyar da aka kai lambun wani a ƙetare ya tsira daga fashewa, amma mai kallonsa ba zai taɓa gane aikin da ya yi ba, tun da an raba shi da rufinsa da yashinsa.

Gishiri da ambaliya

Shekara biyu bayan taron nan, ran 4 ga Nuwamba 1966, teku ta ciko da iska a bayanta, ruwa ya hau santimita 194 bisa ma'aunin birnin, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Kusan birnin duka ya nutse, mutanen da ke kwana a ɗakunan ƙasa suka rasa kayansu. Da aka bincika sai aka ga cikin ƙarni na 20 birnin ya yi ƙasa da fiye da santimita 20 in an gwada shi da teku. Wani kashi teku ce ta ƙaru, wani kashi kuwa ƙasa ce ta zauna, babban dalili shi ne masana'antun Margera, a bakin tudu, suna ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da injuna. Wajen 1970 aka tsai da wannan zuƙa.

Yanzu sai mu komo kan farin dutsen nan na Istiriya. Muddin ruwa bai wuce shi ba, tubali lafiya lau. Da ruwa ya fara haye shi, sai tubali ya sha gishiri, in ya bushe gishirin ya daskare a ciki ya kumbura, tubalin ya riƙa zubewa kamar gari. Duk wanda ya ga yadda kanwa ke cin gindin katanga ya san abin. Magina suna da wata dabara da su ke kira warwara da ɗinki: a cire ruɓaɓɓen tubali kaɗan-kaɗan, a mai da sabo, a kuma tsarga fallen darma ko wani abu mai hana damshi cikin bangon. Duwatsun bakin rijiya kuwa a kan wanke su, a fitar da gishirin da baƙin hayaƙi, a cire tsatsattsun ƙarafan da ke fasa su.

Ambaliyar 1966 ta ta da duniya. Hukumar UNESCO ta yi kira, aka kafa ƙungiyoyin taimako a ƙasashe da dama, kamar Venice in Peril a Ingila da Save Venice a Amurka, suna tara kuɗi a na gyara. Cikin 1973 Italiya ta yi doka ta musamman domin Benis, cikin 1987 kuma aka sa birnin da tafkinsa duka cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Aka fara gina waɗansu manyan kyamare na ƙarfe guda 78 a ƙofofin tafkin uku, suna kwance a ƙarƙashin ruwa, in teku za ta ciko a hura musu iska su miƙe su tare ta. Aikin ya daɗe ƙwarai, bai gama ba sai ga wata ambaliya ran 12 ga Nuwamba 2019, ta kai santimita 187. Ran 3 ga Oktoba 2020 aka fara ta da su a gaban babbar cikowa, filin San Marko ya yini a bushe. Kun ga yadda kiyayewa ta yi ta faɗi: an fara da dutse, aka koma gida, aka ƙare da birni da tafkinsa.

Kowa ya bar gida

Saura abu ɗaya wanda kyauren ƙarfe ba ya tarewa. Cikin 1951 mazaunan tsohon birnin sun kusa 175,000. Cikin 2022 suka kasa 50,000. A tagar wani kantin magani kusa da kadarkon Riyalto har an kafa wani allo mai nuna yawan waɗanda suka saura, masu wucewa suna dubawa. Damshi da tsadar gyara da tsadar haya su suka kori mutane zuwa tudu, gidajen da suka bari kuma da yawa an mai da su masaukin 'yan yawon buɗe ido, don mai gida ya fi samu a wurin baƙon kwana uku bisa ga ɗan haya na shekara. Hukuma ta hana manyan jiragen yawo bi ta gaban San Marko cikin 2021, cikin 2024 kuma ta fara karɓar Yuro 5 daga baƙin yini a waɗansu ranaku. Cikin 2023 masanan UNESCO sun ba da shawara a sa birnin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, kwamitin bai yarda ba.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mazaunin gida shi ke ganin indararo ya toshe tun ruwa bai shiga bango ba, shi ke jin warin damshi, shi ke kiran magini tun ɓarna tana ƙarama. Baƙo ya ɗauki hoton bakin rijiya ya wuce, ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Doka ta iya hana a ɗauke dutse, ta kuwa hana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tsakar gidan da mata ke haɗuwa a bakin rijiya safe da yamma, ba a tsai da ita da takarda sai da mutane, abin da masu mulkin Benis ke fama da shi ke nan har yanzu.

Mu da mu ke shirin fita aikin koyarwa, da yawanmu za a tura mu garuruwan da ke da tsofaffin gidaje masu zaure da soro da rijiya a tsakar gida. Rijiyoyinmu ba irin na Benis ba ne, namu daga ƙasa su ke ɓuɓɓugowa, amma famfo da burtsatse suna yi musu abin da famfo ya yi wa waɗancan, a na cike su a na gina ɗaki a kai. Ba ikonmu ba ne mu yi doka. Abin da ke ikon malamin makaranta shi ne irin abin da Ongania ya yi: ya nemi izinin mai unguwa da masu gidaje, ya fita da 'yan ajinsa, su rubuta kowace tsohuwar rijiya da ke unguwar, wanda ya haƙa ta, gabanta nawa, ruwanta daɗi ne ko zartsi, tana ƙafewa da bazara ko ba ta yi, gidaje nawa ke sha. Tsofaffin da suka san amsoshin nan suna nan da ransu a zauruka, littafin rubutu ɗaya da fensir sun isa a fara.